Me Ke Kai Matashi Cikin 'Yan Daudu?

An daɗe da sanin 'yan daudu a ƙasar Hausa, a wasan bori da wajen biki da sana'ar sayar da abinci a tasha da kasuwa. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya wallafa littafi a kansu a 2009, ya nuna yadda babba a cikinsu kan zama uwa ga sabon shiga, ya ba shi makwanci, ya koya masa girki da ciniki. Yaron da muryarsa ko tafiyarsa ke jawo masa gori da duka, a ƙauye yake ko a unguwa irin Wuro Patuji ta Mubi, yakan nufi inda za a karɓe shi. Sau da yawa ƙyamar gida ce ke fara tura shi waje.

Wasu za su ce addini ya hana namiji kwaikwayon mata, kuma dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Haka ne. Sai dai daudu daban, auren jinsi daban. Da yawa daga cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya kare mutuncin kowa, ba wanda aka ba ikon ɗaukar doka a hannunsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Iyaye, ku riƙe ɗanku a gida, ku saurare shi.