Rigar sanyi ta kwarashi: Sana'ar da ke jiran hunturu a Dungu

Da zarar hunturu ya kama a watan Nuwamba, iyaye mata a Dungu, kusa da Matameye a jihar Damagaram, sukan shiga neman rigunan sanyi na yara. Lokacin ne masu saƙar kwarashi ke cin kasuwarsu, amma fa sai wadda ta fara aiki tun da damina.

Rigar da ake farowa daga wuya ta fi sauƙi. Za a ƙulla zagayen wuya, a riƙa ƙara faɗi a kowane zagaye har saƙar ta buɗe kamar faifai ta rufe kafaɗu. Daga nan a ware gurbin hannuwa biyu, a gangara da jiki, ba sai an yi ɗinki ba. Wuyan ne dai ke ba sabbin hannu kunya. Kan jariri babba ne, in aka matse wuya riga ba za ta shiga ba, sai warwara. Shi ya sa gwanaye ke barin 'yar tsaga a baya, su sa maɓalli.

Zare kuwa ta hanyar Kano, Daura da Ɗan Barto yake zuwa. Duk wadda ta ga rufe iyaka na 2019 da na 2023 ta san amfanin sayen zarenta da wuri.

Sannan ga gwanjo, wanda ba a iya karawa da shi a farashi. Sai dai da wuya mace ta kai gwanjo gidan suna. Riga da hula da safar jariri masu launi ɗaya, nan ne cinikin mai kwarashi yake.