Matsayin Bitamin Mai Yawa a Wajen Jinyar Ciwon Daji

Ana jan hankalin al'ummar ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, musamman hakimai, dagatai da masu unguwanni, kan jita-jitar cewa yawan shan bitamin yana warkar da ciwon daji.

Wannan ra'ayi ya bazu ne tun shekarar 1976, lokacin da masana Linus Pauling da Ewan Cameron suka bayyana cewa bitamin C yana ƙara wa masu cutar tsawon kwana. Sai dai gwajin da asibitin Mayo na Amurka ya gudanar a 1979 da 1985, inda aka riƙa bai wa marasa lafiya giram 10 kowace rana, bai nuna wani amfani ba. Wasu ƙananan bincike sun nuna cewa idan aka ba da shi ta jijiya yakan rage kasala da tashin zuciya, amma ba a tabbatar yana warkarwa ba.

Haɗarin kuwa a fili yake. Bitamin C mai yawa yana iya haddasa tsakuwar ƙoda, yana kuma iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar da ake gada wadda ta yawaita a Najeriya. Babbar asara ita ce ɓata lokaci har cutar ta yi nisa.

Don haka, duk wanda ya ga ƙullutu a mama ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya gaggauta zuwa Babban Asibitin Gumel. Wanda ke karɓar magani kuma kada ya sha bitamin sai da sanin likitansa.