Amsoshin Wasiƙunku: Minjirya Da Manyan Tarwaɗa A Akwatin Gilashi

A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa wuri guda, domin dukkansu a kan kifi suke magana, kuma amsar ɗaya tana shiga cikin ta ɗayar.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Yawuri. Ya ce ya sayi 'yar minjirya wadda ba ta wuce tsawon yatsa ba a hannun wani masunci, ya saka ta a akwatin gilashin da yake kiwon 'yan karfasa da jajayen kifayen ado a falonsa. Bayan wata uku sai ya ga kifayen suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, na baya-bayan nan kuma 'yarsa ƙarama ta tsoma hannu a ruwan ta ƙwalla ƙara. Yana tambaya: shin lantarki ne na gaske a jikin wannan kifi ko kuwa wani asiri ne, kuma yana iya kisa? Sannan ya ci gaba da ajiye ta ko ya rabu da ita?

To malam, da farko muna yi wa yarinya sannu. Lantarki ne na gaske, irin wanda ake aunawa da na'ura. A ƙarƙashin fatar minjirya akwai wani nama mai kama da kitse wanda ya lulluɓe kusan duk jikinta kamar riga, daga bayan kai har zuwa kusa da wutsiya. Asalinsa tsoka ce, amma ta daina aikin motsi ta koma yin wuta. Cikin naman nan akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, kowace tana ba da 'yar wuta kaɗan. Ka san yadda kake jera batura a tocila, ɗaya bayan ɗaya, ƙarfinsu ya haɗu? To haka abin yake. Abin mamaki kuma shi ne, ƙwayar jijiya ɗaya tak ce a kowane ɓangare na jikinta take ba duk waɗannan ƙwayoyi umurni, shi ya sa suke sakin wutar a tare. Babbar minjirya tana iya fitar da wuta mai ƙarfin bolt 350, alhali wutar soket ɗin gidanka wajen bolt 230 ce.

Kada wannan lissafi ya tayar maka da hankali fiye da kima. Wutar soket ba ta yankewa muddin kana riƙe da waya, ita kuwa ta minjirya bugu-bugu take zuwa, kowane bugu bai kai ƙiftawar ido ba. Ba a san ta da kashe babban mutum mai lafiya ba. Amma fa ƙarfin wutar yana ƙaruwa ne da girman kifin. Abin da 'yarka ta ji daga mai tsawon tafin hannu tsikari ne kawai in an gwada da abin da za ta ji nan da shekara biyu. Yaro ƙarami, da mai ciwon zuciya, musamman wanda aka dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya, kada su kusanci ruwan ko kusa. Ko babba ma, wani lokaci firgitar ta fi wutar illa: mutum ya fizge hannu ya bugi gilashi, ko ya ture fitilar da ke saman akwatin ta faɗa ruwa, ka ga nan an koma maganar wutar soket ke nan.

Game da kifayenka da suka ɓace, ba sai an kai ƙara wurin Sarkin Ruwa ba, ɓarauniyar tana cikin gida. Minjirya da rana lafewa take yi kamar ba ta san komai ba, idanunta ƙanana ne, ba ta da sauri, jikinta kamar an cusa tsumma a safa. Da dare ya yi sai ta fito tana lalube da gashin bakinta guda shida. In ta ji kifi kusa sai ta sakar masa wuta a jere, jikinsa ya sandare, ta haɗiye shi cikin natsuwa. Wanda ya fi ƙarfin bakinta ma ba ya tsira, domin kullum yana shan wuta a ɗan wurin da ba shi da mafaka, har ya daina cin abinci ya mutu. Haka kuma in ka haɗa manya biyu, faɗa za su yi ta yi a kan rami. Saboda haka ƙa'idar kiwonta ita ce, ita kaɗai a akwatinta.

Bari mu ɗan ratse, tunda daga Yawuri ka rubuto. A shekarar 1987 wani masanin kifi mai suna Sagua ya bayyana wani nau'in wannan kifi daga tafkin Kainji, nan maƙwabtanku, wanda masana ba su bambance shi da sauran ba a da, ya kuma raɗa masa suna Malapterurus minjiriya. Wato sunan da masuntanmu suke kiranta da shi ne ya shiga littattafan kimiyya na duniya. Daga baya, a 2002, wani binciken ya nuna cewa abin da ake ɗauka nau'i biyu ko uku ne ashe ya fi haka nesa, yanzu ana lissafa kusan 20, kuma duk a Afirka suke: kogin Nilu, da Kwara, da Binuwai, da tafkin Chadi, da kogin Kwango da sauransu. Mutanen Masar na dā sun zana ta a bangon kaburburansu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, Larabawa kuma suka kira ta ra'ad, wato tsawa, tun kafin kowa ya san akwai dangantaka tsakanin tsawa da abin da ke jikin kifin nan.

To yanzu, a ajiye ta ko a rabu da ita? Ga abin da ajiyewar take nufi, sai ka auna da kanka. Littattafai suna cewa babban nau'in yana kai santimita 120 da nauyin kilo 20 a kogi. A cikin gida ba kasafai take kai haka ba, amma ka sa ran ƙafa biyu, wato santimita 60, kuma tana iya yin shekara goma a hannunka. Kifi mai wannan girma yana bukatar akwati mai tsawon santimita 180, faɗi 60, zurfi 60. In ka lissafa, lita 648 ke nan, ya ɗara duro uku. Kowace lita kilo ɗaya ce, in ka haɗa da nauyin gilashi da yashi za ka tasam ma kilo 800, wato kamar ka jibge buhun siminti 16 a wuri guda. Teburin falo ba zai ɗauka ba, sai an yi masa gindi na ƙarfe ko na bulo, kuma a ƙasa, ba a saman bene ba.

A zuba yashi mai laushi a ƙasan akwatin, domin ba ta da ɓawo a jiki, tsakuwa mai kaifi tana yanka ta. A sa mata wurin ɓuya, ko guntun bututun roba mai faɗi ko tulun ƙasa da aka fasa gindinsa aka goge bakin. Ba ta son haske mai yawa. Ruwa ya kasance da ɗumi, tsakanin digiri 24 da 28. A yawancin shekara ɗakinka ya wadatar, sai dai da hunturu ana bukatar hita, kuma a sa wa hitar kariya, don kifin yakan jingina da ita ya ƙone. Abinci kuwa, tana, da jatan lande, da yankan ɗanyen kifi. Tun tana ƙarama ka saba mata da abincin da ba mai rai ba, ka miƙa mata da tsinken roba mai tsawo da magariba. Kada ka ba ta naman shanu ko na kaza mai kitse. In ta girma, sau biyu ko uku a mako ya isa, domin minjirya ba ta san ƙoshi ba, za ta ci har ta kumbura. In za ka yi aiki a cikin ruwan, ka kashe duk na'urorin daga soket, ka sa safar hannu ta roba mai kauri wadda ba ta huje ba. In za ka ɗauke ta, ka kora ta cikin bokitin roba, kada ka yi amfani da koma mai mariƙin ƙarfe. Sannan murfi mai nauyi, har da kwaɗo in da hali, saboda yarinyar nan.

Mu dai a namu ganin, gidan da ke da ƙananan yara ba wurin minjirya ba ne. Tunda daga ruwan garinku aka kamo ta, mayar da ita hannun masuncin da ya sayar maka ba wani abu ne mai wuya ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Kano. Ta ce ta ga wani ɗan kifi mai kama da tarwaɗa a wurin masu sayar da kifin ado, baƙin baya, farin ciki, jar wutsiya, kyakkyawa ƙwarai, bai fi ɗan yatsa ba. Mai sayarwa ya ce mata kada ta damu, kifi daidai girman akwatinsa yake tsayawa. Tana so ta ji ko gaskiya ne kafin ta biya kuɗi.

Hajiya, madalla da kika tambaya kafin ki saya. Bisa kwatancenki, wannan ita ce tarwaɗa mai jar wutsiya ta kogunan Amazon da Orinoko a Kudancin Amurka. 'Yar da kika gani jaririya ce. In tana samun abinci, cikin shekara guda za ta wuce ƙafa ɗaya da rabi, babbarta kuma tana haura mita ɗaya, nauyinta yana iya kai na buhun siminti. Duk abin da ya shiga bakinta haɗiye shi take yi, kifi ne, dutse ne, ko guntun na'urar tace ruwa, in ya dame ta kuma ta amayar da shi ruwan ya ɓaci. A Turai da Amurka manyan gidajen nuna kifaye sun gaji da mutanen da ke zuwa roƙon a karɓi irin wannan kifi bayan ya fi ƙarfin gidajensu, da yawa ma ba sa karɓa. Akwai kuma wani da ake sayarwa tare da ita, mai sheƙi kamar azurfa, mai siffar kifin shak, ɗan asalin kogin Mekon a kudu maso gabashin Asiya. Shi ma yana wuce mita ɗaya, ga shi da firgita, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura ya fasa hancinsa a jikin gilashi.

Maganar mai sayarwa kuwa, akwai inda ta samo asali, amma ba yadda ya faɗa miki ba. Kifin da aka matse a ƙaramin wuri girmansa yana tsumburewa, haka ne. Dalili shi ne yana zaune cikin ƙazantarsa. Kifi yana fitar da wani guba mai suna amoniya ta ƙoshiyarsa da kashinsa. A kogi ruwa yana tafiya da shi. A akwati kuwa sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke zama a cikin soson na'urar tace ruwa, su juya shi zuwa abin da bai kai shi illa ba, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin a sabon akwati. Babban kifi mai cin nama yana fitar da ƙazantar da ta fi ƙarfin ƙaramar na'ura. Sai ki ga gashin bakinsa yana cinyewa, bayansa ya lanƙwashe, ya mutu tun bai kai rabin shekarunsa ba. Wannan shi ne "tsayawa daidai girman akwati" da ake faɗa.

Wannan batu na ruwa ya shafe ku duka biyu, kuma a nan ne matsalar ɗauke wuta take shigowa. Bakteriyar nan da iska suke rayuwa. In na'ura ta tsaya na sa'o'i da yawa sai su fara mutuwa, in wuta ta dawo kuma na'urar ta watso ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Wanda ba shi da janareta ko sola, ya nemi ɗan famfon iska mai aiki da batir, ya kuma daina ba da abinci a ranakun da babu wuta. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo. In na famfo ne, a bar shi a buɗaɗɗen duro ya kwana ɗaya ko biyu don sinadarin kulorin ya fita, ko a sa maganin da ake sayarwa don haka. Soson na'ura kuma a ɗauraye shi da tsohon ruwan akwatin, ban da sabulu. Sannan a yi hattara da magungunan kifi masu sinadarin tagulla, domin kifayen da ba su da ɓawo ba sa jure su kamar sauran.

Wani zai ce, to me zai hana a saka tarwaɗarmu ta gida, tunda ita ko a kwano ma tana rayuwa? Gaskiya ne tana da juriya, saboda tana da wata gaɓa a bayan ƙoshiyarta da take shaƙar iska kai tsaye. Amma ita ma tana wuce mita ɗaya, ramboshi kuwa ya fi ta, kuma da dare takan ture murfi ta fito, da safe a tsince ta a ƙarƙashin kujera. Wurinsu tankin siminti ne a tsakar gida. 'Yar uwarta ta Asiya ma haka ta yi a jihar Fulorida ta Amurka a shekarun 1960: masu cinikin kifin ado ne suka shigo da ita, ta kuɓuce, ta riƙa jan ciki a kan ƙasa lokacin ruwan sama tana shiga wasu ruwayen, har yau ba a iya kawar da ita ba. Shi ya sa, Hajiya, duk wanda ya riga ya sayi baƙon kifi ya fi ƙarfinsa, kada ya kai shi Tiga ko Challawa ya saki. Ya mayar wa mai sayarwa, ko ya nemi mai babban tafki na gida wanda ba ya haɗe da rafi.

In dai kifi mai gashin baki kike sha'awa, ga ƙurungu. Yawancin nau'o'insa ba sa wuce tsawon tafin hannu ko ƙafa guda, wasunsu masu ɗigo-ɗigo ne kamar damisa, akwai ma mai yin iyo a rigingine, cikinsa sama. Akwati mai lita 200 ya ishi matsakaici, kuma yana zama lafiya da kifayen da suka fi ƙarfin bakinsa. Sai dai ki kula da ƙayoyinsa uku, ɗaya a baya biyu a gefe, waɗanda yake miƙewa ya kulle in an kama shi. Suna sarƙewa a koma, suna kuma huda hannu da zafi, don haka shi ma da kofin roba ake ɗaukarsa. In kin ji yana ƙara kamar ana goga ƙarfe lokacin da kika ɗaga shi, ƙayar gefen ce yake gogawa a gindinta, lafiyarsa ƙalau.