Lustrum: Yadda ƙidayar Rumawa ta zama sunan shekara biyar

Mutumin Italiya ko Sifaniya idan zai ce shekara biyar da kalma guda, sai ya ce "lustro". A Holan kuwa jami'o'i kan yi bikin tuna kafuwarsu duk bayan shekara biyar, suna kiransa "lustrum". Kalmar ta Latin ce, kuma a farkon lamari ba ta da wata alaƙa da lissafin shekaru. Sunan wani yankan tsarki ne da Rumawa ke yi.

Marubutan tarihin Rum sun ce Sarki Servius Tullius ne ya fara ƙidayar jama'a a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekarar 443 kafin haihuwar Annabi Isa aka ware wa aikin jami'ai biyu. Kowane magidanci zai zo gabansu ya rantse, ya faɗi iyalinsa da dukiyarsa. Da wannan ake yanka masa haraji, a san matsayinsa a rundunar yaƙi da nauyin ƙuri'arsa. Idan an kammala, sai a tara jama'a a filin Campus Martius, a zagaya su da alade da rago da bijimi, sannan a yanka dabbobin don Mars, gunkinsu na yaƙi. Wannan yanka shi ne lustrum, kuma da shi ake rufe ƙidaya. Da yake bisa al'ada duk shekara biyar ake yi, a hankali sunan ya koma kan tazarar da ke tsakanin yanka da yanka.

Su kansu Rumawa sun yi saɓani kan tushen kalmar. Malaminsu Varro ya danganta ta da biyan kuɗi, domin a lokacin ne ake sabunta kwangilar karɓar haraji. Wasu masana sun fi karkata ga wanki da tsarkakewa, kuma ni ma nan na fi gamsuwa, tunda abin da ake yi a filin ke nan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Rumawa ba su cika kiyaye shekara biyar ɗin ba. Yaƙin basasa da rikicin 'yan siyasa sun sha hana ƙidaya, domin sabuwar rajista na iya sauya wanda zai ci zaɓe. Sarki Augustus ya rubuta cewa lustrum ɗin da ya yi a shekarar 28 kafin haihuwar Annabi Isa ya zo ne bayan fiye da shekara 40 ba a yi ba, inda aka ƙidaya 'yan ƙasa 4,063,000. Lustrum na ƙarshe kuwa, Sarki Vespasian da ɗansa Titus ne suka yi shi, a shekarar 74 Miladiyya.