Sanyin Ƙasar Waje Ba Hunturun Kuyello Ba Ne

Duk wanda ya tashi a Kuyello ya san hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan an kwashe masara an kai rumbu, iska kan taso da ƙura, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, yara su kewaye wutar kara da sassafe. Amma da hantsi ya ɗaga sai a tuɓe rigar sanyi a shiga harka. Wannan sabon ne ke yaudarar mai tafiya waje, ya ɗauka ya riga ya san sanyi.

Ga shi kuwa ana ta fita. Ƙasar Birnin Gwari, inda Kuyello take, ta saba da haƙar zinare, kuma tun da aka gano zinare a Jado, can arewacin Nijar, a 2014, masu haƙa daga ƙasar Hausa ke bin hanyar Agadas, wasu har Tamanrasat ta Aljeriya. Ga ɗalibai masu zuwa Rasha, Sin, Turkiyya da Ingila, ga masu umara da ke riskar asubar Madina a watan Janairu. Mai shiga hamada yakan yi wa ƙishirwa da zafin rana shiri, ya manta cewa rairayi ba ya riƙe ɗumi: da dare a tsaunukan Tamanrasat sanyi na iya kaiwa inda ruwa ke daskarewa. A Mosko kuwa ana shafe makonni ma'aunin zafi bai hau sifiri ba, dare da rana.

Babban haɗarin, a ganina, yana cikin yadda baƙo ke neman ɗumi. A gida mun saba a ɗebo garwashi a kasko a shiga da shi ɗaki. Ko a nan ɗin ganganci ne, sai dai ɗakunanmu na da kafofi, ta ƙasan ƙofa, ta bakin kwano, iska na shiga tana fita. Ɗakin ƙasar sanyi an gina shi ne musamman don kada iska ta ratsa, tagar gilashi ce mai roba a gefe. Gawayi, gas, kananzir da janareta duk suna fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu, don haka jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Alamar farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, abin da Bahaushe zai ce zazzaɓi ne, ya haɗiyi farasitamol ya ja bargo. Wannan barcin ne ba a tashi. A Aljeriya, hukumar ba da agajin gaggawa takan sanar da irin waɗannan mace-mace duk lokacin sanyi, galibi daga na'urar ɗumama ɗaki ko ta dafa ruwan wanka mai aiki da gas. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje, to a buɗe tagogi, a kashe wutar, a nufi asibiti. Mai kama haya ya tambaya ko akwai na'urar da ke ƙara idan wannan iska ta taru. Ba ta da tsada.

Sai sanyin kansa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Makyarkyata ce ta farko, sai magana ta fara sarƙewa, hankali ya rikice. Wanda ya daina rawar ɗari alhali yana cikin sanyin, ba sauƙi ya samu ba, jikinsa ne ya gaza. A Janairun 2022 an tsinci gawar wasu 'yan Indiya huɗu, miji da mata da 'ya'yansu biyu, kusa da Emerson a Kanada, sun daskare suna ƙoƙarin tsallakawa Amurka da ƙafa cikin dare. Duk dillalin tsallaka iyaka da ya ce maka tafiyar 'yar gajeruwa ce, ba shi zai taka ƙanƙarar ba.

Riguna uku marasa kauri sun fi babbar riga ɗaya, domin iskar da ke tsakaninsu ita ke tsare ɗumi. Shadda da yadin auduga, da sun jiƙe da gumi ko ruwa, sun zama abokan gaba. A rufe kai da kunne, a sa safar hannu, a nemi takalmi mai kama ƙasa, don ƙanƙarar da ke shimfiɗe kan kwalta ba a ganin ta. Bayan alwala a tsane jiki sosai kafin a fita masallaci. Yatsan da ya mutu ya yi fari ko toka-toka, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta, tunda ba ya jin zafi zai ƙone ba a sani ba. A ruwa mai ɗumi kaɗan ake sa shi, sannan likita.

Masu amosanin jini su ne suka fi buƙatar shiri, domin sanyi da ƙarancin shan ruwa na tayar da ciwon, a lokacin sanyi kuwa ƙishirwa ba ta damun mutum balle ya tuna. Su ga likitansu tun a Kaduna ko Zariya, su tafi da magani da takardar bayanin ciwon. Baƙar fata kuma ba ta samun isasshen bitamin D a ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4, kamar Landan a Disamba. Hukumar lafiya ta Ingila na ba da shawarar shan maikirogiram 10 kullum. Lambar neman agaji a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Ingila 999, a Amurka da Kanada 911, kuma gara a haddace ta tun kafin a hau jirgi, don batirin waya saurin mutuwa yake yi a cikin sanyi.