Wurin Ajiye Kayan Ɗaki A Kano

A dā, in magidanci zai yi doguwar tafiya, sai ya kulle kayansa a ɗakin wani ɗan'uwa, shi ke nan. Yanzu kuwa gidajen birni sun cika, tilas ma'aikacin da aka yi wa canjin gari ya nemi sito na haya.

Wasu sukan fita ta Ƙofar Dawanau su nufi sitocin kasuwar Dawanau, gama can akwai sarari. To, amma mu tuna don gero da riɗi aka gina su. Inda hatsi yake nan ɓera yake, ga kuma maganin ƙwari mai kama katifa da tufafi.

Muna ba mai ajiya shawara ya duba rufi da daɓe tun kafin damina, ya ɗora akwatuna bisa bulo saboda gara da laima. Ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya ɓata yadi mai yawa, gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ma ba mu manta ba. Saboda haka a rubuta kayan ɗaya ɗaya, mai sito ya sa hannu gaban shaidu, a kuma faɗi wanda zai biya in ɓarna ta auku.