Sarkin Fen: Ba Cuta Ke Kashe Shi Ba, Ƙishirwa Ce

Duk shekara idan hunturu ya kama, gardama ɗaya ce ke dawowa tsakanin masu sayar da fulawa a bakin titunan Abuja, Kaduna da Kano da mutanen da suka saya a hannunsu. Mai gida ya sayi tsiron fen da damina, kore shar, amma kafin watan Janairu ganye ya langaɓe, ga wasu ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a bayansa. Nan take sai ya ce an cuce shi, an sayar masa da mai cuta. Wani ya ɗauko maganin ƙwari ya fesa, wani ya watsa takin zamani, wani kuma ya sa almakashi ya datse ganyen. Duka ukun ɓarna ce, kuma ɓarnar ta fi yawa ga masu burin rainon ƙaton cikin dangin fen, wato sarkin fen, wanda masana tsirrai ke kira Angiopteris evecta.

Wannan tsiro ɗan daji ne na ƙasashe masu ruwa: Indonesiya, Malesiya, Papuwa Niu Gini, tsibiran tekun Pasifik da gaɓar Kwinsland ta Ostireliya. Ganyensa guda ɗaya kan kai mita 6, wani ma ya wuce, duk yana fitowa daga wani dunƙulallen gindi mai nama da faɗinsa kan kusanci mita ɗaya idan ya tsufa. Danginsa sun bar sawunsu a jikin duwatsu tun kimanin shekaru miliyan 300 da suka wuce.

Maganar ɗigo-ɗigon nan ita ce ta fi ci mini rai, domin lafiyayyen tsiro ake hukuntawa a kan alamar lafiyarsa. Fen ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Irinsa wata ƙura ce mai laushi da yake tarawa a ƙananan kwanso a bayan ganye, kuma sai ganye ya ƙosa sannan yake yin su. A jikin sarkin fen za ka gan su a jere kusa da bakin ganye, girmansu ɗaya, tsarinsu ɗaya. Ƙwarin da ke maƙalewa suna tsotson tsiro ba sa zama a sahu haka. A warwatse suke, har kan sandar ganye, suna barin danƙo, kuma sau da yawa za ka tarar kiyashi na zarya a kansu. Duba na minti ɗaya ya isa a bambance. Wanda ya datse ganye saboda waɗannan ɗigo, mafi ƙarfin ganyayen tsironsa ya yar, wanda ya fesa guba kuwa ya ƙona ganyen da ba ya jure ta.

To me ke sa shi zubewa? Nan ne abin al'ajabin yake. Duk girman nan nasa, sarkin fen ba shi da itace. Ruwan da ke cike da naman sandarsa ne ke riƙe da ganye mai mita 6 a sama. Ka tuna salka: idan an cika ta da ruwa ta yi tam, ka danna ba ta lotsawa, idan ruwan ya tsiyaye sai ta lanƙwashe ta kwanta, alhali fatar ba ta canza ba. Haka sandar ganyen nan take. A gindinta, da inda ƙananan ganyaye suka haɗu da ita, akwai wasu kumburarrun gaɓoɓi, su ne ke fara saki idan ruwa ya ragu. In an shayar da wuri sai su sake cika, ganye ya miƙe. In an bari ya daɗe a kwance, shi ke nan. Ba a cika salka da gishiri, takin zamani kuwa gishiri ne a wurin saiwa mai ƙishirwa, yana ƙara zuƙe ɗan ruwan da ya rage mata.

Ba ƙasar gindinsa kaɗai ke bukatar laima ba, har iskar da ke kewaye da shi. Ganye mai faɗi haka yana zubar da ruwa ta jikinsa duk yini. A Kalaba, inda ruwan sama kan kai kusan milimita 3,000 a shekara, wannan ba damuwa ba ce. A Kano ruwan shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, cikin 'yan watanni yake sauka, kuma da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ko ka shayar safe da yamma, iska na kwashe ruwan ganye fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa. Su kansu 'yan Ostireliya suna da shaida: a kwazazzabon Kanabon, can nesa da teku, akwai 'yan tsirarun sarkin fen da suka rayu a wani matsattsen lungu mai inuwa, inda rafi ba ya ƙafewa.

Mai son rainonsa dole ya ƙirƙiro masa irin wannan lungu. Inuwar babbar bishiya ko ragar kare rana, katanga ta ɓangaren arewa maso gabas inda iskar hunturu ke bugowa, da fili mai faɗi, domin ba tsiron kusurwar baranda ba ne. Ƙasa ta zama haɗin ruɓaɓɓen ganye, tsohon takin shanu da ya huce, da ɗan yashi, ta riƙe laima amma kada ruwa ya kwanta. A lulluɓe gindin da busasshen ganye, kada a binne kan da sabon ganye ke murɗowa daga ciki. Ruwan sama ya fi masa ruwan rijiyar burtsatse mai zartsi. Wajen yaɗa shi kuwa, shuka ƙurar irin na da wuya. Masu lambu sukan cire ɗaya daga cikin kunnuwa biyu masu kauri da ke gindin kowane ganye, su ɗora a kan ƙasa mai laima a inuwa, su jira watanni kafin ya tsiro.

Gaskiyar da mai sayarwa ba ya son faɗa ita ce, a Sakkwato, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, sarkin fen ba zai rayu a fili ba sai a rufaffen ɗakin shuka. A Jos da tsaunin Mambila akwai dama idan an kare shi daga iska. Ina ganin bai dace ba hukumomin ƙawata birane su riƙa dasa tsirrai masu shan ruwa haka suna bi da tankar ruwa, a garin da unguwanni ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa. Ga darbejiya, ga marke, ga kanya, duk sun san ƙasarmu.

'Yan kudu kuma nasu hattarar daban ce. A Hawai, Jamaika da Kosta Rika, an kai shi ne don ado, sai ƙurarsa ta bi iska ya mamaye dazuzzuka yana danne tsirran ƙasar. Wanda lambunsa ke maƙwabtaka da daji mai ruwa, kamar na Kuros Riba, ya yi tunani sosai kafin ya dasa. Haka nan fen masu tsayi da Allah ya hore mana a bakin rafukan Mambila da Obudu, a bar su inda suke, domin yawancin waɗanda ake tumɓukewa mutuwa suke yi a tukunya.

Kafin ka miƙa kuɗinka, mai karatu, ka tambayi mai fulawa a ina aka raini tsiron, ka juya ganyen ka duba da idonka, sannan ka tambayi kanka ko kana da ruwan da za ka ba shi a watan Maris.